Babi na Uku: Mai Magani da Ya Koma Manomi

Duk wanda ya taɓa taya ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram neman gurbin karatu a Kanada ya ji wannan tambaya, ko ma shi da kansa ya yi ta: yaya aka yi a ƙasar da ke jingine da Amurka, inda kowa ke zaton Ingilishi kaɗai ake yi, aka sami lardi guda, Kebek, mai mutum sama da miliyan 6 da suka sha Faransanci a nono? Tambayar tana da ƙanwa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sun mulki Nijar har 1960, amma ran da suka naɗe tabarmarsu ko ƙauye ɗaya na jikokinsu ba su bari ba. Sun bar harshe a makaranta da ofis, sun kama gabansu. To me ya sa a Kebek suka bar mutane?

Amsar tana gona. Waɗanda Faransa ta turo Nijar kwamandoji ne da sojoji da 'yan kasuwa, kowa da wa'adinsa, kowa yana ƙirga watannin da suka rage masa ya koma gida. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A Kebek ma da raɓar aka fara, kuma da an bar wa masu kuɗi zaɓi da a haka za a ƙare. Abin da ya sauya lissafin ya faro ne daga gida guda: mutum ɗaya da matarsa da 'ya'yansu uku, waɗanda suka sauka a 1617 da niyyar ba za su koma ba. Sunan maigidan Louis Hébert, ana furta shi Luwi Eber. Matarsa Marie Rollet.

Zangon fatake

Samuel de Champlain ne ya kafa Kebek a 1608, a bakin kogin Saint-Laurent, daidai inda kogin ya tsuke a gindin wani dogon dutse. Kiran wurin gari a lokacin ƙari ne. Zango ne: 'yan gine-ginen katako, sito, da shinge. Mutum 28 ne suka kwana a cikinsa a hunturun farko, 8 kacal suka ga ƙarshensa. Da yawa daga cikinsu ciwon nan ne ya kashe su wanda ke kama mai cin busasshen nama da biskit wata da watanni ba ganye ba 'ya'yan itace, dasashi ya kumbura, haƙora su zube, ƙafa ta kasa ɗaukar gangar jiki.

Me ya kai su wannan wahala? Fatar wata dabbar ruwa da ake kira biba. Gashinta mai laushi shi ake curawa a yi hulunan da manyan Turai ke yayi a zamanin, kuma kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Sarkin Faransa yakan ba wani rukunin attajirai izinin cinikin fatar su kaɗai, bisa sharaɗin su kai mutane su zaunar. Attajiran sukan karɓi izinin hannu bibbiyu, su yi wa sharaɗin riƙon sakainar kashi.

Dalilinsu a fili yake ga duk wanda ya san kasuwa. Ma'aikacin da ke jiran jirgi ya kawo masa gari daga Faransa yana hannunka, ba ya musu da kai. Manomi kuwa yana da rumbunsa. Ran da ya tara rarar hatsi zai iya musayarsa da fata wurin mutanen ƙasar, ya zama kishiyarka a ciniki. Kuma saran daji yana korar dabbar da ake nema. Saboda haka kamfani ya fi son zango ya zauna a zangonsa. Champlain ya yi ta ƙorafi a rubuce cewa a cikin shekara ashirin da 'yan kai kamfanonin nan ko eka 2 ba su share ba. Shi burinsa gari ne mai ciyar da kansa, domin ya san mutanen da ke jiran abinci daga bayan teku jirgi ɗaya ne tsakaninsu da kabari. Yana bukatar manomi. Wanda ya samu kuwa ɗan birni ne.

Ɗan Paris mai turmi da taɓarya

An haifi Louis Hébert a Paris wajen 1575, a titin Saint-Honoré, kusa da fadar Louvre. Mahaifinsa Nicolas mai haɗa magunguna ne, gidansu ma sunansa Turmin Zinariya. Sana'ar a wancan zamani ta fi kusa da ta mai maganin gargajiya da ya yi karatu fiye da ta mai kemis na yau: sanin saiwa da ganye da sassaƙe, shanya su, daka su, auna su. Mai wannan sana'a dole ya san shuka, sau da yawa ma yana da ɗan lambunsa. Uban ya yi arziki, bashi ya karya shi, har sai da ya kwana a kurkuku. Ɗan ya gaji ilimin, bai gaji dukiyar ba. A 1601 ya auri Marie Rollet a cocin Saint-Sulpice.

Hanyar ƙetare ta buɗe masa ne ta dangi, kamar yadda takan buɗe wa kowa. Wani basarake, Jean de Poutrincourt, yana auren 'yar ɗan'uwan mahaifiyarsa, kuma shi ke jagorantar wani sabon matsuguni a Port-Royal, a yankin da ake kira Akadiya, gabashin Kanada ta yau. Hébert ya bi shi a 1606 a matsayin mai magani. Wani lauya marubuci da ke cikin tafiyar, Marc Lescarbot, ya lura da shi, ya rubuta cewa mai maganin nan yana jin daɗin aikin ƙasa ba kaɗan ba. Da aka soke izinin ciniki a 1607 kowa ya koma gida. Ya sake komawa bayan 'yan shekaru, shi ne ma ya yi jinyar Membertou, tsohon sarkin ƙabilar Mi'kmaq, a ciwon ajalinsa a 1611. A 1613 wani kyaftin Ingilishi, Samuel Argall, ya taso daga Virginia ya ƙone Port-Royal ƙurmus. Hébert ya dawo Paris, ya koma wa turminsa.

Sau biyu ke nan yana shuka a ƙasar wasu ana tashinsa. Mai hankali zai ce ya isa. Sai ga Champlain, wanda suka saba tun Port-Royal, ya zo Paris a hunturun 1616 zuwa 1617 da tayi mai daɗin ji: kamfani zai ba shi kuɗin Faransa eku 200 a shekara, da abinci da wurin kwana shi da iyalinsa, har ya share gonarsa. Hébert, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya sayar da gidansa da lambunsa, ya kwashi iyali suka nufi tashar jiragen ruwa ta Honfleur.

Sakiyar da ba ruwa

A Honfleur ya tarar da wata takarda daban. Albashin ya koma eku 100 a shekara, na shekara 3. Shi da matarsa da 'ya'yansa da baransa duk za su yi wa kamfani aiki, gonarsa sai a rarar lokaci. Zai yi wa ma'aikatan kamfani magani kyauta. Ba shi ba cinikin fata. Abin da ya noma kuma kamfani kaɗai zai sayar wa, a farashin Faransa, ba a farashin wurin da gari ke tsada kamar zinariya ba.

A tsaya a kan sharaɗin ƙarshen nan, domin shi ne wuƙar. A Kebek buhun hatsi yana ɗauke da kuɗin jirgi da haɗarin teku. Manomin da ya noma shi a wurin, ribarsa ita ce wannan bambanci. Da alƙalami guda kamfani ya kwashe ta, tun kafin a sare bishiyar farko. Manomin da ya taɓa karɓar bashin taki da sharaɗin sai dai ya sayar wa mai bashin a farashin da mai bashin ya yanka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sun san ya riga ya sayar da gida. Ga mata, ga yara, ga kaya a bakin ruwa, ga jirgi na shirin tashi. Ya sa hannu.

Tafiyar ta ci kusan wata 3. Kusa da gaɓar Kanada jirginsu, Saint-Étienne, ya faɗa cikin manyan duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku, har kowa ya fid da rai. Wani limamin ɗariƙar Rekole, Gabriel Sagard, wanda ya tattara labarin daga baya, ya ce a wannan hali Marie Rollet ta ɗago autanta ta ƙofar ɗakin ƙasan jirgi don Fada Joseph Le Caron ya sa masa albarkar ƙarshe. Autan, Guillaume, bai wuce shekara 3 ba. Yayyensa mata biyu ne, Anne da Guillemette. Sun tsira, suka isa Kebek a tsakiyar 1617, suka tarar da mutum kamar hamsin, kusan duka maza, kusan duka da yunwa.

Gatari da diga

Hébert bai zauna a gindin dutse tare da ma'aikatan kamfani ba. Ya hau sama, inda ƙasa ta fi kyau, wurin da babbar cocin Notre-Dame da makarantar horar da limamai ta Kebek suke a yau. A lokacin daji ne.

Wanda ya san sassabe a ƙasar Hausa sai ya ninka shi sau da yawa a ransa. Ba geza da sabara ba ne. Itatuwa ne da mutum biyu ba sa rungume su, a tsaye kafaɗa da kafaɗa. A sare da gatari, a yanyanka, a tara, a jira ya bushe, a cinna wuta. Kututturen kuwa yana nan daram, sai ya shekara da shekaru kafin ya ruɓe a iya tumɓuke shi, saboda haka a tsakanin kututture ake shuka, ana farfasa ƙasa mai cike da saiwoyi da diga da shebur. Garmar shanu babu. Kamfani bai ga dalilin ba ta wuri a jirgi ba. Mutumin da Kanada ke tunawa a matsayin uban manomanta bai taɓa bin bayan garmar shanu a gonarsa ba, har ya mutu.

Sai kuma lokaci. A nan manomin Kebek da na Katsina za su fahimci juna. Mu damina ke yanka mana wa'adi, su sanyi. Dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kogi ya daskare, jirgi ba ya shiga ba ya fita. A shuka a Mayu, a girbe a Satumba, kuma raɓar ƙanƙara ta dare ɗaya kan iya ƙone gona kamar yadda ɗaukewar ruwa kan yi wa gero yana cikin bununi. Bambancin shi ne, mu da rani ana iya tafiya cin rani. Su ba inda za a je. Wanda bai tara itacen wuta da abinci na wata 6 ba ya mutu a ɗakinsa. Kuma a cikin waɗannan 'yan watanni masu tsada ne kamfani ke kiran Hébert da baransa aikinsa.

Duk da haka gona ta tashi. Kimanin eka 10 ya share. Ya shuka hatsi da masara da waken Turawa, ya yi lambun kabeji da ganyayen miya da na magani, ya dasa tuffa da aka kawo daga Normandi, ya kiwata shanu da aladu, ya gina gidan dutse. Champlain, duk lokacin da ya dawo daga Faransa, yakan hau dutsen ya duba gonar da murna irin ta wanda aka daɗe ana yi wa musu ya sami shaida.

Martaba ta biyo baya a hankali. Wajen 1620 Champlain ya naɗa shi lauyan sarki, mai shigar da ƙara da sunan hukuma a ɗan matsugunin. A Fabrairun 1623 wakilin sarki, Duke na Montmorency, ya ba shi takardar mallakar ƙasar da ya share, wadda ake kira Sault-au-Matelot. A 1626 magajinsa, Duke na Ventadour, ya tabbatar da ita a matsayin ƙasar gado irin ta masu sarauta, ya ƙara masa wani fili a bakin kogin Saint-Charles. Shekara 6 ya yi yana noman ƙasar da ba shi da takardarta.

Gonar wa?

Littattafan makaranta a Kebek sun daɗe suna kiransa manomin farko na Kanada. Wannan magana tana bukatar gyara. Lokacin da Jacques Cartier ya iso wannan wuri a 1535, shekara 82 kafin Hébert, ya tarar da gari mai suna Stadacona, mutanensa suna noman masara. Zuwa zamanin Champlain garin ya watse, waɗanda ke yankin su ne Innu, mafarauta da masunta. Amma can yamma, mutanen Wendat suna da gonaki masu faɗi na masara da wake da kabewa, mata ne ke nomansu, har suna sayar da rara. Masarar da Hébert ya shuka irinsu ce. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, shi ne Bature na farko da ya zaunar da iyalinsa a wannan kwari ya ciyar da su daga ƙasa.

Takardun mallaka kuma a Faransa aka rubuta su. Basarake a Paris ya ba mutumin Paris ƙasar da bai taɓa gani ba, ba a tambayi Innu ba. Abin da ake nufi da ɗan kaka-gida ke nan, ko da kuwa shi kansa mutumin kirki ne. Kuma shaidar da ake da ita ta nuna Hébert ya zauna lafiya da maƙwabtansa, yana yi musu magani, suna shiga gidansa. Ni dai ina ganin abu biyun duk gaskiya ne, ɗaya bai goge ɗaya ba. Gonar eka 10 ba ta tsone wa kowa ido ba a 1620. Jikokinta ne suka cinye kwarin.

Aure da jana'iza

Shekara guda da isowarsu aka ɗaura wa Anne aure da wani Banormande, Étienne Jonquet, auren Faransawa na farko a ƙasar. A 1619 ta mutu wajen haihuwa, abin da ta haifa bai rayu ba, mijin ma bai daɗe ba ya bi su. Uban mai magani ne, turminsa bai hana ba.

Guillemette ce ta ɗauki gidan. A ranar 26 ga Agusta 1621 ta auri Guillaume Couillard, ma'aikacin kamfani da ya zo tun 1613, kafinta, matuƙin jirgi, mai toshe ɓarakar jiragen ruwa. Bai iya rubuta sunansa ba, a takarda wata 'yar alama mai siffar zuciya yake zanawa. Champlain ne shaidar auren. Suruki mai ƙarfi da iya aikin hannu shi ne abin da gandun yake nema.

A ƙarshen 1626 Hébert ya zame a kan ƙanƙara ya faɗi. Ya yi jinya, ya mutu ranar 25 ga Janairu 1627. Sagard ya rubuta masa doguwar wasiyya, a ciki yana roƙon iyalinsa su ƙaunaci mutanen ƙasar su taimake su. Mai karatu ya tuna cewa limami ne ya rubuta, don masu ba da gudummawa a Faransa su karanta. Amma abin da matar ta yi bayansa ya yi daidai da wasiyyar. A shekarar da ya mutu, da aka yi wa ɗan wani shugaban Innu baftisma, a katuwar tukunyar dafa giya ta Marie Rollet aka dafa abincin walima, dinya 56 da agwagi 30 da kwandunan masara, aka ciyar da taro. Daga baya gidanta ya zama wurin da ake ajiye 'yan matan mutanen ƙasar, tana koya musu Faransanci da addininta da ɗinki. A yau mun san inda irin wannan tarbiyya ta kai a Kanada, da yaran da aka raba da harshen iyayensu. Farkonta dai a ɗakin girkin wata bazawara ne.

Garmar shanu ta shiga gonar ranar 27 ga Afrilu 1628, wata 15 bayan an binne mai gonar. Couillard ne ya riƙe ta. Champlain ya ga abin ya isa a rubuta kwanan watansa.

Shekarar yunwa

A 1627 Kadinal Richelieu ya gaji da wasan attajirai, ya kafa sabon kamfani mai masu hannun jari 100, da alkawarin kai mutum 4,000 cikin shekara 15. A lokacin duk Faransawan Kebek ba su kai 100 ba. Ayarin farko ya taso a 1628 da mutane da abinci. Sai dai Ingila da Faransa suna yaƙi, wasu 'yan uwa da ake kira Kirke kuma sun tare bakin kogi da jiragen yaƙi. Suka kame ayarin gaba ɗaya, suka ƙone garken shanun da Champlain ya kafa a Cap Tourmente.

Abin da Champlain ya daɗe yana tsoro ya faru. Rabon kowane mutum ya koma busasshen wake kimanin giram 200 a rana. Mutane suka bazama daji tonon saiwa. Aka koma sayen wani kifi mai siffar maciji wurin Innu, guda 10 a kan fatar biba ɗaya: fatar da aka ƙi noma dominta, ga ta ana ba da ita don a sami abin kai wa baki. Gona mai hatsi a wurin, ban da ɗan abin da limamai suka noma, ita ce ta iyalin Hébert. Abin da kowa ya samu daga gare ta bai wuce ɗan kwano guda na sha'ir da wake da masara a mako ba, Champlain ma ya yi gunaguni yana ganin sun ɓoye wani abu. Wataƙila sun ɓoye. Gida ne mai yara ƙanana, kuma manomin da ya cinye irinsa ya kashe baɗi.

A Yulin 1629 Champlain ya miƙa wuya, aka kwashe shi da yawancin mutanensa zuwa Turai. Ma'aikacin kamfani yana iya ɗaukar akwatinsa ya hau jirgi. Gona ba ta shiga akwati. Marie Rollet, wadda ta sake aure wata biyu kafin nan da wani Guillaume Hubou, ta zauna, tare da Guillemette da Couillard da 'yan tsirarun wasu. Shekara 3 suna ƙarƙashin Ingilishi, ba limami, ba wasiƙa daga gida. Da aka mayar wa Faransa wurin bisa yarjejeniyar Saint-Germain-en-Laye a 1632, waɗanda suka dawo sun tarar da zangon kamfani a ƙone, gidan dutse na saman tudu kuwa yana tsaye. A cikinsa Fada Paul Le Jeune ya jagoranci addu'ar farko. Shi ne kuma ya rubuta cewa iyalin sun riga sun fara neman hanyar komawa Faransa lokacin da suka hango fararen tutoci a kan jirage. Haƙurinsu ya kusa ƙarewa ke nan. Da jiragen sun ƙara shekara, mai yiwuwa da wannan babi bai samu ba.

Yaron da aka sayar eku 50

Akwai mutum guda a gidan da ba ya cikin gunkin tunawa da aka kafa wa iyalin daga baya. 'Yan Kirke sun zo da wani yaro baƙar fata, ƙarami, wanda Le Jeune ya ce daga Madagaska aka ɗauko shi, wasu kuma suka ce daga gaɓar Gini. Ɗaya daga cikinsu ya sayar da shi eku 50 ga wani akawu Bafaranshe da ya koma ɓangaren Ingilishi. Da akawun zai gudu a 1632, ya bar wa Couillard shi. Shi ne bawa ɗan Afirka na farko da aka rubuta sayar da shi a wannan ƙasa.

Le Jeune ya koya masa karatu da addini. Ya ba da labarin ranar da aka gaya wa yaron cewa baftisma za ta mai da shi daidai da su, yaron ya amsa da cewa ai sai dai in za a feɗe masa fata. Mutanen ɗakin suka yi dariya. A 1633 aka yi masa baftisma da suna Olivier, daga baya ya ɗauki sunan malaminsa, ya zama Olivier Le Jeune. A 1638 an ɗaure shi da sarƙa na awa 24 bisa laifin ɓata sunan wani Bafaranshe. Ya mutu a Mayun 1654, littafin coci ya rubuta shi a matsayin baran Couillard. A wannan shekarar ce sarkin Faransa ya ɗaga Couillard, wanda bai iya rubuta sunansa ba, zuwa sahun masu sarauta. Eku 50 rabin albashin shekara ne na Hébert a takardar Honfleur.

Sunan ya ɓace, jinin ya yaɗu

Auta Guillaume, wanda aka ɗaga a jirgi, ya auri Hélène Desportes a 1634, ya mutu a 1639 ya bar yara 3. Ɗansa namiji tilo, Joseph, mayaƙan ƙabilar Iroquois suka kama shi suka kashe a farkon shekarun 1660, ɗan da ya bari kuma ya mutu yana ƙarami. A nan sunan ya tsaya. Akwai dubban masu sunan Hébert a Kanada da Louisiana a yau, amma daga wasu Hébert ɗin suka fito.

Marie Rollet ta mutu a 1649, bayan shekara 32 a ƙasar, fiye da ninki uku na zaman mijinta. Guillemette ta haifi 'ya'ya 10. Ta aurar da wasu tun suna shekara 11 da 12, domin mata sun yi ƙaranci, manema sun yi yawa. Ta rasa 'ya'ya maza biyu a yaƙin Iroquois. A 1666, bayan mutuwar Couillard, ta sayar wa Bishop Laval gida da filin Sault-au-Matelot don gina makarantar limamai, magada suka tayar da ƙayar baya, aka shiga shari'ar gado da ta daɗe ana ja. A 1678, da limaman Rekole za su mayar da ƙasusuwan mahaifinta cikin sabuwar cocinsu, ta sa aka ɗauke ta aka kai ta, tana tsohuwa, ta gani da idonta. Ta mutu a 1684. Masu binciken nasaba a Jami'ar Montréal sun ƙirga cewa kafin 1800 zuriyar Hébert da Rollet da suka yi aure a Kebek sun haura 4,500. Philippe Couillard, wanda ya shugabanci gwamnatin lardin daga 2014 zuwa 2018, yana cikin jikokin gidan.

A 1918 aka kafa musu gunki, wanda ke dandalin Montmorency a yau. Hébert ne a can sama, lauje a hannu ɗaya, damin alkama a ɗaya, yana ɗaga shi sama. Couillard yana gefe da garmarsa. Marie Rollet tana zaune a ƙasa da yara. In da tsawon zama da yawan zuriya aka bi, da an juya tsarin.

Gida ɗaya dai ba ya cika ƙasa. Ƙidayar 1666 ta sami Faransawa 3,215 a duk yankin, a cikinsu gwauraye maza 719 masu shekarun aure, 'yan mata kuwa 45. Sarki Louis na 14 ya riga ya fara neman maganin wannan: tsakanin 1663 da 1673 ya biya kuɗin jirgin mata kusan 800, da yawansu marayu daga gidajen marasa galihu na Paris, aka kai su Kebek don a aura. Su wane ne su, yaya ake zaɓen miji a cikin 'yan makonni da sauka daga jirgi, kuma me ya sa tambayarsu ta farko ga manemi ita ce ko ya riga ya gina ɗaki? Su za mu bi a babi na gaba.